Tunawa Da Wani Tsohon Sojan Burma

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka fili kaɗan in faɗi labarin kakana, tsohon soja mutumin ƙasar Faskari, domin kowace shekara ran 15 ga Janairu a kan yi taron tunawa da sojojin Nijeriya a manyan birane, amma irinsa da su ka komo ƙauye su ka riƙe fartanya ba mai ambatonsu.

Yana saurayi a ka ɗauke shi soja zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya shiga jirgin ƙasa a Funtuwa zuwa barikin Zariya, inda a ke koya wa kuratan Arewa rawar soja. A 1943 rundunarsu ta 81 ta sojan Afirka ta Yamma ta ƙetare teku zuwa Indiya, daga can su ka shiga ƙasar Burma, wadda yanzu a ke kira Myanmar, don yaƙi da Jafan. A kwarin kogin Kaladan su ka yi fama, cikin kurmi da tsaunukan da mota ba ta shiga. A ka su ke ɗaukar kaya, abinci kuwa jirgin sama ke jefo musu. Ya kan ce ruwan sama da matsattsaku da zazzaɓi sun fi harsashi wahal da su. A Janairun 1945, su da rundunar 82 su ka ci garin Myohaung, shi ya sa a ka sa wa wani bariki a Ikko sunan garin.

A 1946 ya komo, ya tarar Dikko ya rasu, ɗansa Usman Nagogo ke sarauta. To, jama'a, a nan ne abin da na fi so a sani. Ɗan kuɗin sallamar da a ka ba shi bai ɓatar ba. Ya yi aure, ya share gona, ya shuka dawa da auduga, kaka ta yi ya kai audugar Funtuwa. Da kuɗinta ya riƙe 'ya'yansa da marayun wansa, ba wanda zai iya bambanta su a bakin akushi. Lokacin da mutane ke ɓoye yara kada a kai su boko, shi da hannunsa ya kai nasa, ya ce ya ga yadda rashin karatu ya hana jarumai samun igiya. Bai taɓa ɗaga murya ga iyalinsa ba. In a ka tambaye shi mutum nawa ya kashe, sai ya kawar da zancen, ya ce wanda ya ga yaƙi ba ya yi masa kirari.

A zamaninsa mutum kan tashi daga Faskari da jakinsa ya ci kasuwa a ƙasar Ƙanƙara ko ta Sabuwa, ya komo da dare, ba ya tsoron kome sai kura. Mu jikokinsa mun ga wani zamani dabam. A Disamban 2020 'yan bindiga su ka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, gonaki da yawa kuma a ka bar su saura don tsoro. Yau ma akwai 'ya'yan talakawa da su ka sa kaki su ka kwanta dama a dazuzzukan nan, su ka bar mata da marayu.

Saboda haka ina roƙon hakimai da dagatai da malaman makaranta su sa a rubuta sunayen tsofaffin sojojin kowace gunduma tun masu tuna su na da rai. Hukuma kuma ta dubi iyalan waɗanda su ka rasu, a biya su haƙƙinsu ba tare da jeka-ka-dawo ba. In yaro ya ga an wulakanta marayan soja, yaya zai yarda ya tsare ƙasa gobe?

Allah ya jiƙan kakana da abokan tafiyarsa, ya ba mu zaman lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani mai karatu, Faskari.