Gyaran Keke A Gida: Kada Garin Neman Gira A Rasa Ido

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru suka sake fitowa bisa titi. A Maiduguri kuwa dama tun 2011, sa'ad da gwamnatin Jihar Borno ta hana hawan babur, dokin ƙarfe ya zama abin hawan malami da ɗan makaranta da ɗan kasuwa. Da yake ladan gyara shi ma ya hau, magidanta da yawa sun tanadi sifana da famfo suna yi wa kansu aiki. Wannan tattali ne abin yabo. Sai dai wanda ya gyara kekensa, shi ne zai hau, ko ɗansa, kuma noti guda da aka manta ba a ɗaure ba ya isa ya kai mutum asibiti.

Hannu Da Sarƙa

Raunin da ya fi munana wurin gyara a sarƙa ake samunsa. Mutum zai kifa keke, ya riƙe tsumma yana goge sarƙa, yana juya feda da ɗaya hannun. Da zarar haƙorin faranti ya kama tsumman, sai ya ja yatsa ya haɗa, kuma yakan datse shi. Saboda haka ba a goge sarƙa sai ƙafar keke tana tsaye cik. Yara kuwa babu abin da ke burge su kamar juya fedar keken da aka kifa, don haka a kore su daga wurin tun kafin a soma. Haka kuma a naɗe hannun riga, a ajiye babbar riga gefe.

Sifana ma tana da nata sharrin. Wadda ta yi wa noti yawa takan zame, ta cinye kan notin, hannu kuma ya daki ƙarfe. Notin ƙafa a yawancin kekunan zamani lamba 15 ne. A nemi wadda ta zauna daram, kuma a riƙa jawo ta wajen jiki maimakon tura ta.

Fetur Da Wuta

Wasu sun saba wanke sarƙa da fetur domin yana cire datti nan da nan. Abin da ba su sani ba shi ne tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya isa murhu ko fitilar da ke can gefen tsakar gida, wutar kuma ta biyo shi ta dawo. Kananzir ya fi sauƙin haɗari, amma shi ma a waje ake aiki da shi, nesa da wuta da taba. Sholishon faci ma yana kamawa, kuma shaƙar warinsa a rufaffen ɗaki na juya kai. Al'adar kyasta masa ashana don ya bushe da wuri ba ta da amfani. Haƙurin minti biyar ya wadatar. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, yawan taɓa shi yana cutar da fata. A wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba.

Taya Da Birki

In an gama faci, a bi cikin taya a hankali a nemo ƙayar ko gilashin da ya yi hujin, a kuma duba kada bakin taya ya danne tif. Iyakar iskar da taya za ta ɗauka tana rubuce a gefenta. Wanda ya wuce ta, ko ya hura tsohuwar taya mai tsattsagewa, tana iya fashe masa a fuska.

Birki shi ne ran mahayi. Tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix masu birkin sandar ƙarfe, a kan bakin gare robarsu ke kamawa. In maiko ya taɓa garen ko robar, birki ya tashi aiki. Robar da ta cinye a canza ta, a kuma lura da bakin gidanta: rufaffen gefen shi ke duban gaba, in ba haka ba robar za ta fice ranar da aka fi bukatarta. Garen ƙarfe dama ba ya kama birki sosai idan ya jiƙe, don haka gyaran birki ya fi zama wajibi kafin damina.

Akwai kuma abubuwa biyu da sabon hannu kan jahilta. Fedar hagu a baibai ake ɗaure ta, wato saɓanin sauran notuna. Wanda ya tilasta ta zai lalata zaren, ta fice yana tsakiyar tafiya. Sandar sirdi da ta kan keke kuma suna da alamar da ba a ɗaga su sama da ita, domin in abin da ya rage a ciki ya yi kaɗan sai su karye.

In An Ji Rauni

Yankan waya ko tsohon ƙarfe ba abin rainawa ba ne. Ƙwayar cutar sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanos, tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi, kuma ta irin wannan ƙofa take shiga. Alamunta kan bayyana tsakanin kwana 3 zuwa 21. A wanke raunin da ruwa mai tsabta da sabulu, kada a zuba masa baƙin mai ko ƙasa. In ya yi zurfi, ko an daɗe ba a yi allurar rigakafi ba, a tafi asibiti a ranar.

Masu iya magana sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Ƙarfen jikin keke da ya tsage, da cokalin gaba da ya lanƙwashe, da garen da ya karkace, aikin ƙwararren mai gyara ne. Haka nan batirin keken lantarki: ba a buɗe shi a gida, kuma ba a sa masa cajar da ba tasa ba, domin wutarsa tana da wuyar kashewa.

Bayan kowane gyara, kafin a hau, sai a ɗaga ƙafar gaba a juya ta, a girgiza ta a ji ko tana rawa. A matse birkin gaba da na baya a tura keken. A sa ƙafar gaba tsakanin gwiwoyi a murɗa kan, a ga ko zai juya shi kaɗai. Daga nan a zagaya ƙofar gida a hankali. Sai an yi wannan tukuna ya halatta a ɗora buhu a kariya, ko a miƙa wa yaro ya tafi makaranta.