Lilon Sallah: A Nuna Wa Yara Bidiyon Tukuna, Ko A Bari Sai Sun Je?

Idan kuna da yara a gida, kun san abin da ke faruwa da zarar Sallah ta ƙarato. Tun kafin a karɓo ɗinki daga wurin tela, hira ta koma kan inda za a je yawon Sallah. Mu da ke Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, idan an gama kallon hawan Mai Martaba Sarkin Gumel, wanda Allah ya hore wa yakan kwashi iyali zuwa Kano, a shiga Gidan Zoo, a wuce wuraren wasan yara masu lilo iri-iri. Wasu har Abuja suke kaiwa, zuwa Magicland, wanda a da ake kira Wonderland.

Bara 'yar uwata da ke Kano ta turo mini bidiyon wani sabon lilo ta WhatsApp, irin jirgin nan da ke hawa sama a hankali sannan ya sulmiyo ƙasa da gudu. Na ɗauki waya zan kira yara, sai Abbansu ya ce, "Don Allah kada ki nuna musu. Mu sha mai, mu biya kuɗin shiga, sannan su ce ai sun riga sun gani?" Ya ce har gobe bai manta ranar da ya fara ganin zaki a Gidan Zoo ba, domin ko a hoto bai taɓa ganinsa ba kafin ranar. Na ga yana da gaskiya, na ajiye wayar.

Babban ɗanmu mai shekara 11 ya sauko daga lilon yana dariya, yana roƙon a ƙara masa. Ƙanwarsa mai shekara 7 kuwa, tun jirgin bai kai sama ba ta fara kiran "Umma!" Ina tsaye a ƙasa ina jin ta, ba abin da zan iya yi. Da ta sauko ta yi amai, ta maƙale a jikina har muka dawo gida. Ta yi makonni ko lilon makarantarsu ba ta yarda ta hau.

Da na ba abokan aikina labari, sai muka rabu gida biyu. Wasu suka ce daɗin abin yana cikin mamaki, wanda ya kalli bidiyo ya zubar da rabin armashin. Wasu suka ce ba za su ɗora 'ya'yansu a kan injin da ba su san yadda yake tafiya ba. Wannan gardama ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka da Turai masu sha'awar irin waɗannan wurare suna yin ta duk lokacin da za a buɗe sabon lilo, har wasu kan ƙaurace wa YouTube don kada idonsu ya faɗa kan bidiyon. Amma kuwa shi kansa Walt Disney tun 1954 ya fara tallata Disneyland a talabijin, kafin a buɗe wurin a 1955, kuma hakan bai hana jama'a yin tururuwa ba. A 2011 ma wasu masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego sun gwada masu karanta gajerun labarai, suka tarar waɗanda aka faɗa wa ƙarshen labari tun farko ba su rasa jin daɗinsa ba, galibi ma sun fi jin daɗin.

Ba sai mun je nesa ba. Wane ne a Gumel bai san yadda hawan Sallah yake ba? Bidiyonsa ya cika wayoyi, amma duk shekara sai an cika ƙofar fada, domin waya ba ta kawo muku ƙura da rugugin kofaton dawaki a ƙirji. Haka dillali kan turo hoton rago daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, amma mai saye sai ya je ya taɓa da hannunsa.

Lilo ma haka yake. A can cikin kunne akwai wasu 'yan bututu masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa jiki ya juya ko ya karkata. Suna daga cikin abubuwan da ke kawo wannan faɗuwar gaba mai daɗi, kuma idan saƙonsu ya saɓa da abin da ido ke gani sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Bidiyo ido kawai yake ciyarwa. Abin da kuka biya kuɗi dominsa yana nan yana jiran yaron.

Abin da ya fi damuna shi ne, na san wannan a wurin aiki amma na manta da shi a gidana. Yaron da za a yi wa allura, idan aka nuna masa sirinji aka gaya masa gaskiya cewa zai ji zafi kaɗan ya wuce, ya fi natsuwa a kan wanda aka yi wa ba-zata. Wanda aka yaudara kuwa, gobe ko farin kaya ya hango sai ya ruga.

Don haka shawarata ita ce, ku iyaye ku fara kallon bidiyon ku kaɗai. Ku duba tsawon lilon, da saurinsa, da ko akwai bel ko ƙarfen da ke riƙe yaro. Idan wurin ya sa ƙa'idar tsawo ko shekaru, kada ku roƙi mai kula da injin ya ɗaga muku ƙafa. Mai juna biyu da mai hawan jini ko ciwon zuciya su haƙura da lilo mai gudu. Mai farfaɗiya a tuntuɓi likitansa, musamman idan akwai fitilu masu walƙiya. Mai asma a riƙe masa abin shaƙarsa, mai sikila a yawaita ba shi ruwa a kuma kare shi daga rana. Kada a cika wa yaro ciki da naman Sallah sannan a ɗora shi.

Bayan nan sai ku dubi halin kowane yaro. Mai ƙarfin zuciya da ke son a ba shi mamaki, ku bar masa mamakinsa. Mai tsoro ku zauna tare ku kalla, ku nuna masa inda jirgin zai sauko da inda zai tsaya. Idan ya ce ba zai hau ba, kada a yi masa dariya, kada a ce kuɗi sun tafi a banza.

Bana 'yar tawa ta kalli bidiyon wani lilo mai dawakai da ke zagayawa a hankali, ta maimaita shi har sau huɗu, sannan ta ce wannan za ta hau, amma sai in tsaya inda za ta riƙa ganina. Yayanta kuwa ya toshe ido ya fice daga ɗakin, wai kada a ɓata masa. Abbansu ya yi dariya ya ce to, kowa da nasa.

Ku fa, yaya kuke yi a gidajenku? Ku ba mu labari a ƙasa.