Ba a Teburin Balin Aka Shata Iyakarmu ta Gabas Ba

Akwai wata magana da ta kama bakin mutanenmu, daga ajin sakandare har shirye-shiryen muhawara a rediyo. Da zarar an taɓo batun iyakokin Afirka, sai ka ji an ce ai Turawa ne suka zauna a Balin a 1884, suka shimfiɗa taswira, suka yi watandar nahiyar, kowa ya ɗauki kasonsa aka tashi lafiya lau. Masu faɗin haka mutanen kirki ne, cikinsu har da malaman da suka koya mana tarihi, kuma takaicin da ke cikin maganarsu na gaske ne. An yi taron daga 15 ga Nuwamba 1884 zuwa 26 ga Fabrairu 1885, ƙasashe 14 suka amsa gayyatar Bismarck na Jamus, kuma babu ɗan Afirka ko ɗaya da aka ba kujera. Wannan babu ja a kai. Inda nake neman afuwa in saɓa musu shi ne cewa wai a nan aka ja layukan, kuma wai Turawan sun rabu a kansu cikin ruwan sanyi.

Takardar da aka sa wa hannu a Balin ta yi magana ne a kan ciniki a yankin Kwango, da zirga-zirgar jiragen ruwa a kogin Kwango da Kwara, da hana fataucin bayi, da sharaɗin cewa duk wanda ya kama sabon wuri a bakin teku ya sanar da sauran. Babu Yola a ciki, babu Dikwa, babu Mubi. A ranar da aka watse daga taron, Lamiɗo Sanda ne ke mulkin Fombina, wato ƙasar Adamawa, kuma sarakunan Ngaundare da Banyo mabiyansa ne.

Layukan sun zo ne daga baya, ɗaya bayan ɗaya, tsakanin ƙasa da ƙasa. A 1893 Ingila da Jamus suka yi yarjejeniyar da ta bar wa Ingila birnin Yola da ɗan abin da ke kewaye da shi, mafi yawan ƙasar Adamawa kuwa ta faɗa hannun Jamus. Fada a hannun wani, talakawa a hannun wani. Lamiɗo Zubairu ya ƙi yarda, Turawan Ingila suka kore shi daga Yola a 1901, Jamusawa suka fatattaki rundunarsa a Garwa, suka sake yi a Marwa a 1902. Iyakar arewa ma, tsakanin Nijeriya da Nijar, sai da aka taɓa ta a 1890, da 1898, da 1904, da 1906, saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. A 1911 kuma Faransa ta yanki ƙasa mai faɗi daga yankinta na Kwango ta miƙa wa Jamus don a bar mata Maroko.

Sai aka zo 1914, inda takarda ta kasa, bindiga ta karɓa.

Yaƙin Duniya na Farko bai yi wata guda da ɓarkewa a Turai ba sojojin Ingila suka tashi daga Yola suka tsallaka cikin Kamaru ta Jamus. A ƙarshen Agusta suka afka wa ganuwar Jamusawa a Garwa da dare, suka kwashi kashinsu a hannu. Aka kashe kwamandansu, Kanar Maclear, sauran suka koma Yola. A Afrilun 1915 Jamusawan suka rama ziyara, suka kai hari Gurin, garin da Modibbo Adama ya fara kafa tutarsa. Ba a ci Garwa ba sai da aka kwanto igwa daga jirgin yaƙi a teku, aka hauro da ita ta Kwara da Binuwai. Da ruwan wuta ya yi yawa, sojojin da ke cikin ganuwar suka ƙi ci gaba da faɗa, wasu suka faɗa Binuwai don su tsira, da yawa ruwa ya ci su. Garwa ta miƙa wuya ranar 10 ga Yuni 1915. Banyo ta bi baya a Nuwamba, Yawunde ranar 1 ga Janairu 1916.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Mora. Kyaftin von Raben ya haye dutsen da ke kusa da garin, a tsaunukan Mandara, da sojoji kimanin 200, kusan dukkansu baƙaƙen fata. Rundunar Ingila ta zo daga Maiduguri, ta Faransa ta zo daga Cadi, suka yi wa dutsen ƙawanya. Wajen wata 18 ana wannan zama. Abinci ya ƙare har aka koma yanka dawaki da jakuna. Sauran rundunar Jamus ta riga ta fice daga Kamaru ta shiga yankin Sifaniya a kudu kafin mutanen dutse su sauko, ranar 18 ga Fabrairu 1916. Mai karatu ya tambayi kansa: su wa ke kan dutsen, su wa ke gindinsa? Turawan 'yan ƙalilan ne a kowane ɓangare. Masu riƙe da bindiga 'ya'yan wannan ƙasa ne, rundunar Nijeriya ma cike take da masu jin Hausa. Masu ɗaukar harsashi da hatsi a ka kuwa 'yan alaro ne da aka tattaro daga ƙauyuka ta hannun hakimai, da yawansu ba da son ransu ba. Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja ke ɗauke da sunansa a yau, sojan Jamus ne da aka kama a Garwa, daga baya ya sa kakin Ingila.

Wani zai ce ai wannan yaƙi a Turai aka haife shi, ba rikicin iyaka ba ne. Gaskiya ne a can wutar ta tashi. Amma abin da aka yi faɗa a kansa a nan ƙasa ce. Faransa na son abin da ta bayar a 1911, Ingila na son tashar jiragen ruwa ta Duwala da yankunan da ke manne da Borno da Yola. Takardar Balin ɗin ma ta buɗe ƙofar keɓe yankin Kwango daga yaƙin Turai, kuma wani sashe na Kamaru na cikinsa. Jamus ta nemi a yi aiki da wannan, abokan gabarta suka yi watsi da shi.

Da ƙura ta lafa aka sake rabo. A 1916 aka yi na wucin gadi, ranar 10 ga Yuli 1919 Milner na Ingila da Simon na Faransa suka tabbatar da shi. Faransa ta kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta samu siririn yanki a gefen Nijeriya. Ta wannan hanya Dikwa, Gwoza, Mubi, Gashaka da Mambila suka zo ƙarƙashin Ingila. Mutanen Madagali sun ga Bajamushe, sun ga Bafaranshe, sun ga Baturen Ingila cikin shekara goma, su kuwa ba su gusa ko taku ɗaya ba. Garwa da Marwa da Ngaundare suka tafi Faransa, shi ya sa a yau ɗan Yola ke cika takarda da Ingilishi, ɗan baffansa a Garwa da Faransanci.

Ko a nan maganar ba ta ƙare ba. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, Arewacin Kamaru ta Ingila ya zaɓi Nijeriya, ya zama Lardin Sardauna ranar 1 ga Yuni, Kudancin ya zaɓi Kamaru. A 2002 Kotun Duniya ta yanke hukunci tsakanin Nijeriya da Kamaru a kan Bakassi da Darak, kuma takardun da ta dogara da su na 1913 ne da 1919 da 1931.

Abin da ke damuna da labarin tebur da taswira shi ne yana share mutanenmu daga tarihinsu. Idan a ɗaki ɗaya aka gama komai a 1885, to babu gurbin Zubairu, babu na waɗanda Binuwai ya ci a Garwa, babu na ɗan alaron da ya faɗi a hanyar Banyo, babu na tsohuwar da ta jefa ƙuri'a a Mubi. Ina roƙon malamanmu na tarihi, musamman na Adamawa da Borno da Taraba, idan sun koyar da Balin su ɗora da Garwa da Mora, su kuma tura ɗalibai wajen dattawan garuruwansu su rubuto abin da kakanni suka bari na zamanin Jaman tun masu riƙe da labarin suna raye.