Ciwon farin hanci: cutar da ke cinye jemagun Amurka suna barci

Wani abokin aikina ne ya fara nuna mini hoton a wayarsa. Jemagu ne ƙanana, sun rataya a rufin kogon dutse, kowane da fari-fari a hanci kamar ya tsoma baki cikin gari. Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce farin nan funfuna ce, kuma ta kashe jemagu miliyoyi a Amurka da Kanada.

A can lokacin sanyi dusar ƙanƙara kan rufe ƙasa wata da watanni, ƙwari su ɓace. Jemage mai cin ƙwari sai ya tara kitse, ya shige kogo, ya kwanta dogon barci, kamar yadda gaiwa ke shigewa laka ta jira damina. Jikinsa ya yi sanyi, numfashinsa ya ragu, kitsen nan shi ne guzurinsa har sanyi ya wuce. Ita kuwa wannan funfuna sanyi da danshi take so. Sai ta kama fatar hanci da kunnuwa da fukafukai tana ci. Jemagen ya riƙa farkawa akai-akai, kowace farkawa kuma kitse take ƙonawa. Kafin sanyi ya ƙare guzuri ya ƙare, wasu ma su fito da rana tsaka neman ƙwarin da babu, su faɗi matattu a bakin kogo.

A watan Fabrairu na 2006 wani mai shiga kogo ya ɗauki hoton farko na cutar, kusa da garin Albani a jihar Niyok. A 2012 hukumar kula da kifaye da namun daji ta Amurka ta ƙiyasta cewa jemagu fiye da miliyan 5 da rabi sun mutu. Nau'i uku sun ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a wuraren da cutar ta shiga. Macen jemage kuwa galibi ɗa guda take haifa a shekara. Duk wanda ya taɓa sake gina garke bayan fari ya san abin da wannan ke nufi.

Asalin funfunar daga Turai ne, inda jemagu suka daɗe da ita har suna iya jure mata. Jemage ba ya ƙetare teku daga Turai zuwa Niyok da fukafukinsa, shi ya sa masana ke kyautata zaton mutum ne ya kawo ta bai sani ba. A can akwai mutanen da nishaɗinsu shi ne shiga kogo. Su sa hular kwano mai fitila, su ɗaura igiya, su yi ta rarrafe cikin taɓo a ƙarƙashin ƙasa, mako mai zuwa su tafi wani kogon da takalman nan da igiyar nan. Funfunar kuma tana iya zama cikin ƙasar kogo shekaru ko babu jemage ko ɗaya.

A 2009 hukumomi suka roƙi a dakatar da shiga, aka kuma rufe dubban kogunan duwatsu da tsofaffin ramukan ma'adinai a dazuzzukan gwamnati. Masu shiga kogo da yawa suka ji haushi. Hujjarsu ita ce jemagu ne ke shafa wa juna cutar, kuma su ɗin ne ke ƙidayar jemagu, su ne ma suka fara ganin ciwon. Gaskiyarsu ce, domin rufewar ba ta tsayar da cutar ba. Amma a 2016 sai ga ta a jihar Washintan, can gaɓar yamma, kimanin kilomita 2,000 daga wuri mafi kusa da aka san tana nan. Ni dai tsalle irin wannan ya ishe ni in goyi bayan ƙa'idar da aka shimfiɗa: kayan da suka shiga kogo mai cutar kada su shiga mai lafiya, sauran kuma a kankare taɓonsu a jiƙa su cikin ruwan zafi mai digiri 55. A babban kogon Mamot na jihar Kentaki, maziyarta kan taka tabarma mai ruwan wanki kafin su wuce. Hakan ya tuna mini da ciwon baki da ƙafa, wanda shi ma yakan bi takalmi da tayar mota daga kasuwar dabbobi zuwa garke.

Cutar ba ta kama mutum, ba ta kama dabbobin gida. Duk da haka ta taɓa mutane ta bayan gida. Jemagu ne ke cinye ƙwarin gona da dare. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024 ya gano cewa a yankunan da cutar ta shiga, manoma sun ƙara feshin maganin ƙwari da kusan kashi 31 cikin 100, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8.