Dainamon Motocin Da da Ƙarfin da Ke Salwanta a Cikinsa

A zamanin da audugar ƙasar Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara take cikin ganiyarta, lokacin da gonar irin auduga ta Daudawa take ciyar da manoma da iri, manyan motoci kuma suna jigilar kaya zuwa injin gurza da tashar jirgin ƙasa ta Funtuwa, babu abin da ya fi wahalar da direba da yaransa kamar mutuwar batir, alhali kuwa motar ta wuni tana tafiya. Sababin wannan mas'ala yana cikin dainamo, wato na'urar da fambel ke juyawa domin ta mayar da ƙarfin inji ya zama lantarki.

Asalin hikimar daga Michael Faraday na Ingila take, wanda ya tabbatar a 1831 cewa waya in ta gitta maganaɗisu sai lantarki ya gudana a cikinta; a 1912 kuma kamfanin Cadillac na Amurka, bisa ƙirar Charles Kettering, ya haɗa dainamo da batir da fitilu a mota guda. Sai dai duk ƙarfin da injin ya miƙa wa dainamo ba ya isa ga batir dukkansa, domin wani kaso mai yawa yana zama zafi ta ƙofofi uku.

Ƙofa ta farko ita ce wayar jan ƙarfe da aka naɗe, wadda ƙa'idarta, kamar yadda James Joule ya bayyana, ita ce idan lantarkin da ke bi ta cikinta ya ninka biyu, zafin da take fitarwa ninki huɗu yake yi. Ta biyu ita ce baƙin ƙarfen amecha kansa, wato sashen da ke juyawa a cikin dainamo, wanda saboda sauyawar maganaɗisu a kowane juyi, lantarki maras fa'ida yake kewayawa a jikinsa yana gasa shi. Shi ya sa maƙera suka daina yin sa dunƙule, suka koma jera siraran faranti kamar warƙoƙin littafi, kowanne da shamaki tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ta uku ita ce burushin gawayi, wanda dukkan lantarkin sai ya ratsa ta bakinsa, yana guga, yana tartsatsi, yana cinyewa, ƙurar hunturu kuwa tana ƙara masa illa.

Babbar naƙasar kuma ita ce dainamo ba ya ba batir komai sai injin ya ɗauki gudu, ga shi kuwa motar da aka labta wa auduga, tana rarrafe a hanyar burji da dare da fitilu kunne, tana tsayawa kowane ƙauye, abin da take ci ya fi abin da take samu, don haka da asuba sai turi. Wannan ne ya sa sabuwar na'urar caji mai suna altaneta, wadda kamfanin Chrysler ya fara sa wa motocinsa na kasuwa a 1960, ta ture dainamo, domin tana caji ko da injin yana tafiya a hankali.

Dainamo ya shuɗe, amma ƙa'idar Joule tana nan daram a kan kowane gida da ya kafa sola a garuruwan nan. Saboda haka muna kira ga masu rewaya da masu haɗa sola su guji siririyar waya da sakakken haɗi don neman arha, domin lantarkin da ya zama zafi a waya israfi ne, kuma dukiyar talaka ce ke ƙonewa.