Sanƙarau a Jega da Aliero: yadda labarin cuta ke tafiya kafin rigakafi ya iso

A watan Maris na 2025 kwamishinan lafiya na Jihar Kebbi ya shaida wa manema labarai cewa mutum 26 sun rasu da cutar da ake zargin sanƙarau ce: 15 a Gwandu, 6 a Jega, 4 a Aliero, 1 a Argungu. Waɗanda ake zaton sun kamu sun kai 248. Jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero ta rasa ɗalibai, aka sallami sauran zuwa gida. Ƙaramar hukumar Maiyama ba ta cikin jerin da aka karanto a ranar, amma duk wanda ya ga motocin albasa da na 'yan kasuwa suna kai da komo tsakaninta da Jega ya san cuta ba ta tsayawa a kan iyakar ƙaramar hukuma.

A cikin wannan bayani akwai wani adadi da ya fi damuna. Daga mutum 248, samfur 11 ne aka tura babban ɗakin gwaji na ƙasa da ke Abuja. Wannan adadi shi ne igiyar da rigakafi ke ɗaure a jiki.

Mutane kan ce zafi ne ke kawo sanƙarau. Zafi yana da hannu, amma mai laifin ƙwayar cuta ce da ke zaune a maƙogwaron mutane masu lafiya, kusan ɗaya cikin goma, ba su ma sani ba. Hunturu da ƙurarsa su busar da hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta sami kafar shiga jini, ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Tari da atishawa ke yaɗa ta, musamman a ɗakin da mutum goma ke kwana ba taga, irin ɗakunan ɗalibai da zaurukan almajirai. Shi ya sa take tashi daga Disamba zuwa Yuni a ƙasashen da suka miƙe daga Sanigal zuwa Habasha, ta lafa da saukar damina.

Yaro ya kwanta da zazzaɓi da ciwon kai, yana amai, yana kawar da ido daga haske. A ce ya sunkuyar da kai haɓarsa ta taɓa ƙirji, ya kasa. Jariri kuwa maɗigarsa ce ke kumbura, ya ƙi nono. Cutar na iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma cikin waɗanda suka tsira ɗaya cikin biyar kan tashi da nakasa, kamar kurumta.

To ina ake fara kai shi? Galibi shagon kemis, a ce maleriya ce, a yi allura. Nan ne labarin ke fara makara. Ka'idar ita ce, ma'aikacin asibitin mazaɓa da ya ga ko mutum ɗaya mai waɗannan alamu ya sanar nan take da jami'in sa ido kan cututtuka, wanda kowace ƙaramar hukuma ke da shi. Shi ne zai hau babur ya je gidan, ya rubuta suna da shekaru da unguwa da ranar da ciwon ya fara, ya tura Birnin Kebbi, daga can zuwa hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a Abuja. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne, idan aka sami mutum 3 cikin 100,000 a mako guda a ja kunne, idan sun kai 10 annoba ta tabbata. Wanda aka yi jinyarsa a ɗaka har aka kai shi makwanci ba ya cikin wannan lissafi, kuma rashinsa na iya sa gari ya zauna ƙasa da ma'auni alhali yana binne 'ya'yansa.

Sai batun ɗibar ruwan baya, wanda iyaye da yawa ke gudu don tsoron shanyewar ƙafa. Tsoron abin fahimta ne, amma allurar tana shiga ne a ƙasan inda lakar baya ta ƙare, kuma ruwan da ake ɗiba kaɗan ne. Da shi ake gane wane jinsin ƙwayar ne ya ɓulla, A ko C ko W ko X ko Y. Ba a jiran sakamako kafin a fara allurar ceftriaxone. Sakamakon na sauran gari ne, domin rumbun rigakafin gaggawa na duniya, wanda aka kafa a 1997 bayan annobar 1996 da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, ba ya sakin allura sai ƙasa ta nuna alƙaluma da shaidar ɗakin gwaji.

Sanin jinsin ba ƙaramin abu ba ne. Rigakafin MenAfriVac da aka yi wa jihohin Arewa daga 2011 ya karya jinsin A, sai ga jinsin C ya auka wa Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja a 2017, mutum sama da 1,000 suka rasu. A 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV, mai kariya daga jinsi biyar ɗin duka, kuma a Afrilun 2025 allurai sama da miliyan 1 suka iso don jihohin da abin ya fi shafa, har da Kebbi.

A ganina, aikin da ya fi araha shi ne a shigar da masu kemis da ungozoma da masu unguwanni da malaman tsangaya cikin tsarin tun a watan Nuwamba, kowa da lambar wayar jami'in sa ido a aljihunsa. Shi kuma jami'in a ba shi man babur da kwalaben ɗaukar samfur kafin hunturu ya sauka. Jega tana da kwalejin da ke yaye ma'aikatan lafiya, don haka ba a rasa masu zagaya unguwanni su koya wa mutane alamun ba.