Teburin Kaka a Zanen Njideka Akunyili Crosby

Sunan Akunyili ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe, domin marigayiya Farfesa Dora Akunyili ce ta ja daga da dillalan jabun magunguna lokacin da take shugabantar NAFDAC. Ɗiyarta Njideka, wadda aka haifa a Inugu a 1983, ta tafi Amurka a 1999 da nufin karatun likitanci, sai zane ya ɗauke mata hankali. Ta kammala digiri na biyu a Jami'ar Yel a 2011.

Hanyar aikinta ce abin tsayawa a duba. Takan tara hotunan dangi da na mujallun Najeriya, ta yi fotokwafinsu, ta kifa a kan faffaɗar takarda, ta shafa sinadarin asiton (wanda ake goge jan farce da shi), ta murza har tawadar ta koma kan takardar. Hoton kan fito a juye, dama ta koma hagu, ga shi dishi-dishi, wani gefen ma ya ƙi kamawa. Mai ɗab'i na kasuwa zai kira wannan ɓarna, amma a ganina nan ƙarfin aikin yake, domin haka tsohon gida ke dawo wa wanda ya daɗe a ƙetare, rabi a bayyane, rabi a goge. Da irin waɗannan hotuna take cike bango da daɓe, har da fatar mutanen da ta zana.

Sai kuma teburin kakarta na ƙauye, wanda ta ɗauki hotonsa, take kuma maimaita shi a ayyuka da dama: fitilar ƙwai, kwanuka, kofunan shayi, hotunan addini. Takan ɗauko shi sukutum ta dasa a falo irin na Amurka. Tana kuma manna atamfa ta gaske mai ɗauke da fuskar mahaifiyarta, irin wadda aka buga don takarar sanata da kuma jana'izarta a 2014. Duk macen da ta taɓa ɗinka anko ta san me irin wannan zane ke riƙewa.

Kasuwa ba ta yi jinkiri ba. A Maris na 2017 an yi gwanjon zanenta na 'yar'uwarta a Landan kan kusan fam miliyan biyu da rabi, kuma a shekarar ta samu kyautar MacArthur. Masu wannan kuɗi, galibinsu, ba su taɓa goge gilashin fitilar ƙwai ba.